Muryar Tallan Fura

Da la'asar ne, ranar gasar waƙa ta 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, a Matameye. Mu biyar muka hau dandamali, ni ke bayarwa, sauran na amshi. Ana gab da farawa, Malam Isuhu mai koya mana ya fizge makirfo daga hannuna ya miƙa wa 'yarsa. Ya sunkuyo ya ce, "Ke koma baya ki yi tafi, muryarki ta tallan fura ce."

Na yi tafin ina haɗiye kuka. Har yau ban yafe ba.

Yanzu waƙoƙinmu ake sawa a motocin tasha. Bara ya aiko in yi waƙa a bikin 'yar tasa. Na ce a gaya masa zan zo, amma tafi kawai zan yi.