Sarƙar Azurfa Mai Hatimin Zaki

Huseina ta dire sarƙar a gaban tsohon maƙerin azurfa na kasuwar Dira da ke Riyad.

"Baba, ka ce mini azurfar Ingila ce tsantsa. Azurfa tana ƙara nauyi ne?"

Tsohon ya kara madubi a idonsa. "Ya sista, ga hatimin zaki nan, ga baƙin dutsenta na aƙiƙi. Babu algus."

Wata uku ke nan da ta saye ta, ran da ta karɓi iƙamarta, takardar izinin zama, ta aikin nas. Abin da ke rataye a jikin sarƙar yana buɗewa kamar ƙaramin akwati. A ranar sun tarar da siririn kitson gashin wata Baturiya a ciki, ta ce a'uzubillahi, tsohon ya zare shi ya zubar a gabanta.

Tun daga nan gashinta ke zuba. Abokan aikinta a asibitin unguwar Malaz suka ce ruwan Riyad ne, kowa haka ya yi fama. Abin mamaki, ba ta taɓa ganin ko sili ɗaya a matashi ko a mataji ba.

Tsohon ya ɗora sarƙar a sikeli, ya ga lallai nauyinta ya ƙaru. Ya sa farce ya ɓalle murfin.

Kitso ne kwance a ciki, siriri, irin na farko sak. Sai dai wannan baƙi ne, bakinsa ja da lallen da Huseina ke shafawa.

Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"'Yata, Turawan dauri ba sa yi wa mai rai wannan kitson, sai mamaci. Kuma saura kaɗan a ƙarasa shi."