Wutar Aljanun Tafki

Kwana uku ke nan Auta masunci yana laɓewa cikin ciyawa, yana kallon Irmiya, sabon malamin kimiyya, yana dama laka yana tara kumfa a kwalba. Duk garin Guri ana tsoron tafkin nan saboda wutar aljanu. To shi me yake nema?

Yau dai Auta ya tare shi.

Irmiya ya ƙyasta ashana a bakin kwalbar, shuɗiyar wuta ta kama. "Ba aljanu ba ne, Baba. Ƙwayoyin halitta ne da ke zaune a cikin wasu ƙwayoyin na cikin laka suke fitar da iskar gas. Gobe zan nuna wa ɗalibaina."

Auta ya damƙe hannunsa. "Malam, rufa mini asiri. Shekara tara ni nake kunna ta, ni kaɗai nake kama kifin nan."