Shuɗiyar Riga a Kwarin Barunde

Katangar baya ce ta fara tafiya. Bilkis na tarar ruwa da bokiti a tsakar gida ta ji ƙara kamar an juye tifar dutse. Da ta waiga, sai sarari ta gani a inda bayinsu yake. Ta fizgi 'yarta Najiba, ko mayafi babu, ta faɗa gidan maƙwabcinsu Titus.

Wanda bai taɓa zama a bakin kwari a Barunde ba, don Allah ya riƙe nasiharsa. Kwarin nan a da yaro ma tsallake shi yake yi. Yau ka tura mota ciki, sai dai ka ji labarinta. Can bisa tudu akwai ƙirya da marke da darbejiya, ga ciyawar jema da mutanen unguwa suka dasa da hannunsu, su ke karya lagon ruwa kafin ya gangaro. Da rani wani ya sa aka bi su da inji, aka tumɓuke har saiwa, aka shuka riɗi, aka zagaye shi da gero. Riɗi ai kuɗi ne. Tun daga nan ruwa ya daina sallama. A guje yake zuwa, ja wur, da ƙasar gona a bakinsa.

Ba wanda ya san mai gonar. Leburori sun ce su dai dillali ne ya ɗauke su. Ranar da mazan unguwa suka hau tudu neman ba'asi, Titus na gaba, ba su tarar da kowa ba sai mutum-mutumin korar tsuntsaye. Sadisu, mijin Bilkis, bai samu zuwa ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Amma a majalisa babu wanda ya kai shi tsinuwa. Kullum cewa yake in ya kama mai gonar nan, a kwarin zai jefa shi da ransa.

Shi tasa gonar a hanyar Kwami take, haka ya faɗa wa kowa. Yau ma gona ya tafi bayan sallar asuba. Bilkis ba ta ga fitarsa ba, ƙarar mashin kawai ta ji.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Elizabet, matar Titus, ta yafa mata zane, ta miƙa mata shayi, shayin ya huce a hannunta.

Wajen hantsi ruwa ya tsagaita. Mutane suka fito duba ɓarna, kowa na takawa a hankali, don ƙasar bakin kwari ba ta da amana. Nan wata mata ta nuna ƙasa ta kurma ihu.

Mutum ne a kife cikin laka, ya maƙale a saiwar wata bishiya da ruwa ya jawo. Hannuwansa a buɗe, a sandare. Kansa a nutse, ƙafafunsa ma laka ta binne. Rigar ce kawai ake gani sosai: shuɗiya, mai faci a kafaɗar hagu.

Bilkis ta san facin nan. Da koren zare ta ɗinka shi, ranar da shuɗin ya ƙare mata. Tun farkon damina ba ta sake ganin rigar ba. Ya ce ta zama kayan aiki, a gona take kwana.

Wani tunani ya gifta mata: ina Kwami, ina Barunde? Ruwan can ba nan yake bi ba. Tsoro bai bar tunanin ya zauna ba.

"Baban Najiba ne! Wayyo Allah, shi ne!"

"Maman Najiba, yi haƙuri tukuna," in ji Titus. "Shuɗiyar riga ai ta cika Gombe."

"Rigarsa ce! Ni na yi facin nan da hannuna. Wallahi tallahi tasa ce, ku duba koren zare!"

Kowa ya ji. Mata suka ɗauki salati, dattawa suka sunkuyar da kai. Elizabet ta riƙe ta gam, don ta fara jan jiki zuwa bakin ramin.

Aka kawo igiyar rijiya. Titus ya ɗaura a ƙugu, aka zura shi, gefen kwari na ta zubowa a kansa. Ya ɗaure gawar ta ƙirji, ya ba da alama. Maza huɗu suka ja da ƙarfi, har suka kusa faɗuwa da baya, don ba su ji nauyin da suka yi zato ba. Sannan aka jawo Titus.

Bilkis ta rufe ido. Tana jin Najiba na kuka a ƙafarta, tana jin wani guntun gidanta ya sake ruftawa, amma gida ba shi ne a gabanta ba.

Titus ya durƙusa, ya cire hula, ya juyo da gawar. Mazan da suka hau tudu tare da shi suka matso, suka leƙa, suka dubi juna. Salatin ya mutu a bakin mata ɗaya bayan ɗaya.

Daga bakin lungu aka ji ƙarar mashin. Bilkis ta buɗe ido. Sadisu ne, jiƙe sharkaf, da ransa da lafiyarsa. Ya hango katangarsa babu, ya diro yana kumfar baki.

"Kun gani ko? Kun ga aikin azzalumin nan? Allah ya isa! Wallahi duk ranar da na san ko wane ne..."

Jama'a suka dare masa hanya kawai, ya ga abin da ke kwance a gaban Titus.

Cikin shuɗiyar rigar da matarsa ta gama rantsuwa a gaban unguwa cewa tasa ce, babu komai sai ciyawa da sanda biyu a gicciye, da tsohuwar ƙwarya a madadin kai: mutum-mutumin nan ne da mazan unguwa suka baro yana gadin riɗi a gonar tudu.