Suwaitar Lurwanu Ta Sha Sitaci

Tun da aka kafa wa rana rumfa a sararin sama, ƙanƙara ke sauka a Kano. Yau ake gasar sulu kan ƙanƙara a Goron Dutse, Lurwanu kuma yana cikin 'yan gasar.

Ya leƙa ɗakin kakarsa, Iya Tasalla, yana neman suwaitarsa ta ulu. Ta miƙo masa ita a ninke, tana ƙamshin turaren wuta, ta sandare kamar faifai.

"Iya, me kika yi mata?"

"Na wanke da ruwan zafi, na sa sitaci, na goge. Maigidana zai fita gaban jama'a da yamutsattsiyar riga? Ba a gidan nan ba."

Ya gwada. Rigar ta tsuke, ko cibiya ba ta rufe masa ba.

"Iya, ulu ba ya son ruwan zafi. Bara sanyin dutsen nan har asibiti ya kai abokina."

Sai ta tuɓe tata suwaitar, ja mai furanni, ta zura masa.

"Dariya za su yi mini."

"Su yi ta yi. Kai dai ka dawo mini ba tari."

"Ke fa?"

"Ni hantsi zan sha."

Ta ja tabarma zuwa gindin katanga, inda rana kan faɗo a da, ta miƙe ƙafa tana jira. Har ya kai zaure, ya dawo ya lulluɓa mata bargo. Daga shi har ita har katangar, babu mai inuwa.