Katin Bikin Kamila

Gwaggo Lailatu ta ninke kwali, ta shafa gam, ta manna jan zare a bakinsa, sannan ta ƙulla alewa da cingam a 'yar leda ta haɗa. Biki ya matso, amma ko kati ɗaya bai fita daga gidan ba. Abin da ke cin ranta ke nan. Kamila ce 'yarta mace tilo, kuma Gwaggo ta san mutanen Mainika sarai: wanda ba a kai wa alewa har ɗaki ba, ko a ƙofarsa ake kiɗan ba zai leƙo ba, sai dai ya shekara yana mita.

Matsalar ita ce matar nan da aka ajiye mata. Wata dattijuwa mai wushirya, ba laifi wajen riƙe almakashi, amma taurin kai ba a magana. Da Gwaggo ta ɗauki mayafi, sai ta riga ta zuwa zaure ta danna sakata. Wai rana ta yi zafi. Wai gobe.

Gwaggo ta gwada lallashi, ta gwada zagi. Ɗazu har ta kai tsakar gida da kwandon katin a ka, sai hanya ta ɓace mata, don wani mai shisshigi ya sare darbejiyarta, rijiyar ma an mayar da ita wani gefen. Tsoro ya kama ta, ta tsaya tana kuka. Matar ta riƙo hannunta ta mayar da ita ɗaki.

Kwalin ma na banza aka sayo. Duk ya yi ja, ninkinsa ya yi laushi, sunan ango Lukuman da ƙyar yake karantuwa.

Haƙurinta ya ƙare, ta damƙi zanen matar.

"Baiwar Allah, ba ki haifa ba ne? So kike a yi bikin 'yata tsakar gida fayau? Ita ma Kamilar ina ta shiga, ko leƙo ni ba ta yi?"

Matar ta sunkuyar da kai, ta ce amarya tana wurin ƙunshi, gobe da sassafe za a raba katin. Gwaggo ta kishingiɗa da zuciya a cushe, ta lumshe ido kamar mai barci, ba don ta yarda ba, tana satar kallon matar ta ƙasan ido.

Ai kuwa ta kama ta. Munafukar ta janyo kwandon tana warware ƙullin ɗaya bayan ɗaya, tana mayar da alewar cikin roba, tana share hawaye. Gwaggo ta buɗe baki za ta tara mata jama'a, sai wani mai furfura a gemu ya yi sallama a bakin ƙofa.

Matar ta raɗa masa cewa dole ta warware, don in tsohuwa ta farka ba ta tarar da aiki ba, titi za ta nufa.

Ya jinjina kai, ya ce, "To bar shi haka, Kamila, zo ki karɓi jikarki, tun ɗazu take kuka."