Uwar Mai Jego da Gwiwoyinta

Ke Talatuwa, ajiye muciyar nan ki zo ki zauna kusa da ni. Tun ɗazu nake jin ki kina zagin jikinki, wai ciwo ya mayar da ke ta banza. Haba 'yar nan! Bari in ba ki misali.

A wani gari an yi wata mata mai ɗura katifu da audugar rimi. Shekara goma sha ɗaya tana fama da sanyin ƙashi. Da damina ta sauka sai gwiwoyinta su kumbura, yatsunta su ƙi lanƙwasuwa. Ga ta kuma da kara har ta yi yawa. Katifar da ta fi kowace laushi tana jingine a ƙuryar ɗaki, wai ta baƙi ce, ita kuwa sai tabarma a kan daɓe mai danshi. Ranar da ciwon ya ɗan lafa sai ta haɗa aikin kwana uku ta yi kamar ana korar ta, ta kwanta mako guda, tana kwance tana kiran kanta raguwa.

Ana nan sai ɗiyarta tilo ta zo gida haihuwar fari, Allah ya sauke ta lafiya. Matar nan ba ta da wani buri da ya wuce ta yi wa ɗiyarta wankan jego da hannunta har kwana arba'in, kamar yadda tata uwar ta yi mata. Kullum da asuba ta hura wuta, ta dafa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta gasa wa mai jego jiki, sauran ruwan kuma ta kwarar a rariya. Romon da take dafawa ko ɗanɗanawa ba ta yi, wai na mai jego ne. Ran kwana na shida ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Dole aka kira maƙwabciya ta yi wankan ranar. Wallahi ba zafin ciwon ne ya sa ta kuka ba, ganin ganyen a hannun wata ne.

Sai ga ungozoma ta leƙo duba jariri, wata tsohuwa da ba ta iya ɓoye magana ba. Ta dubi katifar da ke jingine, ta dubi rariya tana tururi, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Masu jinya biyu a gida ɗaya, ana gasa ɗaya, ana zagin ɗaya. Da ɗiyarki ce da gwiwoyin nan, a ƙasa za ki kwantar da ita?" Kunya ta kama matar. A ranar aka shimfiɗa mata katifar, ta yi barcin da ta manta akwai irinsa. Bayan kwana biyu ta miƙe. Daga nan in ruwa ya yi zafi sai ta fara ɗibar ƙwarya guda, ta sirka, ta gasa gwiwoyinta da yatsunta, sannan ta kira mai jego. A zaune take yin wankan, bisa kujera da matashi. In an zuba romo ta sha ludayi biyu. Da hantsi ta miƙe ƙafa a rana da jikanta a cinya, kuma ranar da jikin ya ƙi, sai ta ce masa sannu, ta bar wanke-wanke ya jira.

Kada ki ce ta warke, ciwon yana nan, da shi ta tsufa. Amma sauran kwanakin nan duka ita ta yi wankan, kuma ran arba'in da ƙafarta ta raka ɗiyarta har ɗakin miji.

To kin ji, Talatuwa. Wanda kike yi wa tuwon nan ya fi bukatar ki a kan tuwon. Sha maganinki, ki ɗan kishingiɗa, ni zan ƙarasa tuƙin. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, so duka so ne, amma son kai ya fi.