Surukin Kanada

"Sha gahawarka, na ba ka auren 'yata Lamis," in ji Abu Ziyad.

Wa'il ya dubi kofin, daɗi kamar ya kashe shi, don a al'adarsu mai neman aure ba ya shan gahawar sai an ba shi yarinyar. Shekara guda tsohon nan yana yi masa gorin fasfon Kanada, wai mai ƙasa biyu ba shi da ko ɗaya, wai namijin gaske a Amman yake tsufa.

"Baffa, ni ma da albishir na zo. Faɗanka ya shige ni, na mayar musu da fasfonsu. Yanzu ni ɗan Jodan ne zalla!"

Abu Ziyad ya miƙa hannu ya janye kofin a hankali.

"Kai, wa ya ce ka ji maganata? Ni da har na sayi rigar sanyi!"